Motar Nogaye Ba Ta Bango Ba Ce

Na Allah ne mu, kuma wurinsa kowa ya nufa. Ranar Alhamis, tara ga watan Janairu, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Nogaye Faye a kan hanyar Dakar zuwa Fatick, tana da shekara goma sha takwas. An yi mata sutura washegari a ƙauyen kakanninta, bayan an sauko daga Juma'a.

Jaridu sun buga labarin da kusan kalmomi iri ɗaya: yarinya mai tseren mota ta rasu a haɗarin mota. Babu ƙarya ko ɗaya a cikin wannan jimla, kuma ban taɓa karanta jimlar da ta ɓatar da mutane kamarta ba. Bari in cike abin da suka bari. Ba Nogaye ke tuƙi ba. Tana zaune ne a kujerar can baya ta tasi mai ɗaukar mutum bakwai, da buhun lemo a cinyarta za ta kai wa kakarta, sai tayar wata tirela ta fashe, tirelar ta shigo hannunsu. Yarinyar da ta fi duk sa'o'inta gudu a ƙasar nan ba ta ma da lasisin tuƙi a kan titi. Ta yi ta ɗage zuwa jarrabawar, wai tsoron direbobin Dakar take ji.

Ni ce mai sikeli. Sunana Houleye Wane, yara na kirana Tanti. Ranakun aiki ina sayar da magani a Rufisque, ranar Lahadi kuma ina tsayuwa a filin tseren kart da ke bayan gari, inda yara ke fafatawa a ƙananan motocin nan masu jan ciki a ƙasa. Duk wanda ya gama tsere sai ya turo motarsa kan sikelina, ya hau shi ma da hular kwanonsa. Idan shi da motar ba su kai nauyin da doka ta ce ba, an soke shi, ko da shi ya zo na ɗaya. Ba aiki ne da ke jawo wa mutum farin jini ba.

A kan wannan sikeli na fara ganinki, Nogaye, kina da shekara tara. Mahaifinki Mbagnick mai gyaran injin kwale-kwalen masunta ne, ranar Lahadi yana duba injinan 'ya'yan manya a filin, har wani ya bar masa tsohuwar mota da ta gaji. Ya tashe ta, ya ɗora ki. A tserenki na farko kika zo ta uku. Kika hau sikeli, allura ta ƙi kaiwa.

Ke Serer ce, ni kuma Tukulor, ƙabilunmu abokan wasa ne, don haka tun kafin a haife mu ke baiwata ce, a wurinki kuma ni ce baiwar. Na ce miki, "'Yar baiwa, ba ki kai ba. An soke."

Na saba da kuka a wannan wuri. Na ga yara sun yi, na ga iyayensu maza sun fi su. Ke kuwa kika ɗage gilashin hularki, kika dube ni daga sama har ƙasa, kika ce, "Nawa ya rage?"

"Kilo ɗaya da 'yan kai."

"Tanti, ke da kike da saura har yana zuba, ki ara mini mana."

Lahadin da ta biyo kika shanye gora biyu ta ruwa kafin a tashi. Kika zo kan sikeli cikinki na ƙara kamar jarka a bayan amalanke, ƙafafunki a harɗe, kina roƙona in yi sauri. Ban yi sauri ba. Na ce ban taɓa ganin Serer ɗin da dambun gero da nono suka kasa sa wa ƙiba ba sai ke. Bayan haka ne mahaifinki ya tattaro dalmar da masunta ke ɗaura wa koma, ya narka ta, ya zuba a gwangwanayen kifi, ya ɗaure curin da noti a jikin kujerarki. Sauran yara dalmarsu daga Turai take zuwa a kwali. Taki kuwa kowane curi da siffar gwangwanin sadin.

Kina girma kina kwance su ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda kika kwance sai ki kawo mini kanti, ki dire shi a kan teburina ki ce, "Ga kayanki. Baiwa ke ɗaukar kaya." Ba ki taɓa tambayata ko ina so ba. Wasu suna danne mini takardu, ɗaya yana tare ƙofa kada iska ta rufe ta.

Da kika kai sha biyu kika koma babban aji, a shuɗiyar motar nan da kowa ya san ki da ita. A shekara ta biyu, ranar da aka wuni ana ruwan damina, kika tashi daga layin baya saboda sarƙar motarki ta tsinke a gwajin safe, kika bi su ɗaya ɗaya a cikin ruwan, kika ƙwace na ɗaya a kwanar ƙarshe, inda kowa ke taka birki tun daga nesa. Wanda kika wuce a wurin Massamba ne, ɗan Lauya Seck, shugaban ƙungiyarmu. Kafin ki cire hula an shigar da ƙara. Aka ce a buɗe injinki.

Sau uku aka buɗe injin nan a wannan kakar tseren. Babu na wanda aka buɗe ko sau ɗaya sai naki. Manyan mutane masu digiri suka zagaye tebur suna leƙa cikin ƙarfe, suna neman abin da zai bayyana musu yadda 'yar mai gyaran kwale-kwale ta wuce 'ya'yansu. Ke kina zaune a kan tsohuwar taya kina ɓarar gyaɗa. A karo na uku, da ba a samu komai ba, kika karkaɗe ɓawon daga cinyarki kika ce wa Shugaba, cikin ladabi har da rusunawa, "Baba, ko a buɗe kaina? Wataƙila a nan aka ɓoye."

Ba zan mai da ke waliyyiya ba, don za ki yi mini dariya. Ba ki iya faɗuwa ba. Ranar da aka wuce ki sai ki wuni ba ki yi wa kowa magana ba, har mahaifiyarki. Kin taɓa jifa da safar hannu ta faɗa cikin tukunyar shinkafa da kifin mai sayar da abinci, kika yi wata guda kina wanke mata kwanuka. Amma kowace Lahadi da sassafe, kafin a tayar da inji, ke ce ke zagaya filin a ƙafa da ƙananan yara a bayanki kamar 'yan tsaki, kina nuna musu inda kwalta ta yi santsi da inda za su saki birki. Massamba ma yana cikinsu, yana bi daga nesa kamar ba da ku yake ba. Wata rana kika tsaya a kwanar ƙarshen nan kika kira shi. Kika ce, "Kai, ɗan Lauya, matso. Kana kallon bangon taya ne shi ya sa kake tsoro. Ka kalli inda kake so ka je." Bayan wata biyu ya wuce ki a daidai wurin. Ba ki yi masa magana ba mako guda. A maƙabarta shi ne wanda sai da aka riƙe.

Kin ci kofin ƙasa sau biyu. Bara kika tafi Faransa, kika yi rabin kaka a manyan motocin matasa masu fiffike, waɗanda ake kira Formula 4. Yanzu jaridu na cewa saura ƙiris ki kai ƙololuwar tseren duniya. Ba gaskiya ba ne, kuma ba kya buƙatar a yi miki ƙari. Mafi kyan abin da kika yi shi ne ta bakwai, a cikin yaran da suka fara tuƙi kafin su iya ɗaura takalmi, a filin da ba ki taɓa gani ba, cikin sanyin da kika ce yana shiga har haƙori. Na san abin da ta bakwai ɗin nan ta ci. Ranar kika kira ni, kika ce, "Tanti, sikelinsu na nan ba ya zagi. Mutum ya hau ya sauka, babu mai ce masa komai. Gaskiya babu daɗi."

Da za ki tafi kika bar wa ƙanwarki Siga shuɗiyar motar. Siga ta cika sha biyu, wannan kaka za ta fara a babban aji. Gidanku ba su da wata motar, kuma ba za su samu wata ba.

Ranar sadakar kwana takwas, kamar yadda ake yi a nan, Shugaba Seck ya zo gidanku da 'yan kwamiti, cikin manyan riguna. Ya yi magana mai kyau, ai lauya ne. Ya ce kin kasance 'yar ƙungiya, abin alfaharinta tun ranar farko. Na dubi tabarma. Ya ce kwamiti zai sa wa kwanar ƙarshe sunanki. Sannan ya juya ga mahaifinki, a gaban mutane, ya roƙi a ba ƙungiya shuɗiyar motar, a wanke ta, a rataye a bangon zauren filin da hotonki a ƙasa, kada kowa ya sake hawanta har abada.

Na yarda da kyakkyawar niyya ya faɗa. Haka ake yi a manyan filaye na duniya, ya gani a tafiye-tafiyensa. Sai dai a can idan aka rataye mota ɗaya akwai goma a gareji. Mahaifinki ya sunkuyar da kai. Mutum mai makoki, an zo girmama 'yarsa, da wane baki zai ce a'a? Gwaggonki Ndew kuwa ta samu abin da ta daɗe tana jira. Ta ce, "Alhamdu lillahi. A rataye ta can sama inda hannu ba ya kaiwa. Mota ta ci mana ɗaya, ba za ta ci ta biyu ba." Mata suka yi ta gyaɗa kai.

Siga tana bayana tana raba kofunan shayi. Ta sunkuyo ta ce a kunnena, "Tanti, in sun rataye ta, wa zai riƙa tayar da injin? Yaya Nogaye ta ce in aka bar shi bai yi aiki ba yana mutuwa."

Ina shirya amsar da zan ba Shugaba, mai tsawo, da misalai, sai mahaifiyarki ta riga ni. Daba, wadda shekara tara tana zuwa filin nan ba ta taɓa kallon tsere ko ɗaya ba, kullum tana zaune a bayan rumfa ta ba hanya baya da carbi a hannu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Yaya Ndew, duk Lahadin da yarinyar nan ta riƙe sitiyari da hannunta, ta dawo mini gida. Ranar da wani ya riƙe mata ne ba ta dawo ba." Sannan ta dubi Shugaba. "Mun gode, Lauya. Kwanar ku sa mata suna. Motar tana da mai ita."

Sai liman ya ga lokacin addu'a ya yi, ya fara.

Na ji har yanzu wasu 'yan kwamiti na cewa baƙin ciki ne ya sa Daba ta faɗi haka, a bar ta ta huce a sake tuntuɓa. Ga waɗannan nake rubuta wannan sakin layi, kuma zan maimaita shi a taron kwamiti na ran Asabar. Ba za ku samu motar ba. Lokacin da take ƙasa tana gudu kun buɗe cikinta sau uku, yanzu da mai ita ta yi shiru kuna so ku goge ta ku rataye. Idan bangon ne ya yi muku fili, ina da hotonta a kan tsohuwar taya tana cin gyaɗa, ku kuma kuna bayanta kun duƙa a kan injin. Zan biya kuɗin gilashin.

Ban ce tsere ba shi da haɗari ba. Na tsaya a bakin filin nan na ga ƙashi ya karye, na ga mota ta kife. Daba ta fi ni sani, shi ya sa take juya baya. Amma ita ta haifa, ita ta binne, ita kuma ta yanke. Duk wanda bai yi ko ɗaya daga cikin ukun nan ba, ya yi addu'a ya yi shiru.

Jiya na kwashe dalmarki daga kanti, har da wanda ke tare ƙofa, na zuba a jaka na kai wa mahaifinki a bakin teku. Ya ɗauki ɗaya ya juya shi a hannu, ya daɗe yana kallon siffar gwangwanin. Ya ce, "Ramukan notin suna nan a kujerar, ban toshe su ba." Siga ta fi ki rashin nauyi a shekarunta. Duka za a ɗaura.

Ya Allah, Ka jiƙan Nogaye, Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata mata makwanci, Ka haskaka shi. Ka nauyaya mata sikelin alherinta a ranar da babu dalmar da za a ƙara. Ka jiƙan waɗanda suka rasu tare da ita a motar nan, waɗanda babu jaridar da ta buga sunansu. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifinta Mbagnick Faye, da mahaifiyarta Daba Diouf, da ƙanwarta Siga, da kakarta da ke Fatick, da Gwaggo Ndew wadda tsoronta ma ƙauna ce, da Massamba, da duk yaran da suka bi ta a ƙafa da sassafe. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta, Ya sa mu cika da imani.

Ran Lahadi mai zuwa za a buɗe kaka. Zan tsaya a inda na saba. Idan shuɗiyar motar ta hau sikeli allura ta ƙi kaiwa, zan soke ƙanwarki kamar yadda na soke ki, sannan in tsaya in ji abin da za ta ce mini.

Baiwarki, tunda yau ba kya nan balle ki musa,
Houleye Wane