Takardar Ɗaso Mai Lalle

Duk wanda ya daɗe a unguwar Hindawiyya ta Makka ya san Ɗaso mai lalle. Doguwar tsohuwa ce mai kaifin baki, kullum tana bakin lungu da tiren garin lalle da kwalli, in ka taya da rowa ta wanke ka tas. Ta haura saba'in, kuma tun da take ba ta taɓa riƙe takarda mai sunanta ba.

Laifin kuwa, in laifi ne, na mahaifinta ne, Malam Hashimu. Da ƙafa ya taso daga ƙasar Hausa shi da matarsa, su yada zango su yi ƙwadago, su ƙara gaba. A gonar auduga a Sudan aka haifi Ɗaso, a goye ta shigo Makka. Shekarar da hukuma ta turo masu rubuta sunayen baƙin da suka zauna, maƙwabta suka yi layi, shi kuwa ya naɗe hannu. A ganinsa wanda ya fito da niyyar hajji matafiyi ne har ya koma gida, karɓar takardar zama kuwa warware niyya ce. "Bayan hajjin baɗi za mu koma," in ji shi. Shekara talatin yana faɗin haka, har ƙasa ta rufe masa ido a Makka.

Ƙawarta Asma, wadda suka tashi ɗaki na jikin ɗaki, ubanta ya bi layin nan. 'Ya'yanta suka yi makaranta, ta koma unguwar Ka'akiyya gida mai bene. Ɗaso kuwa ta auri Taha, shi ma ba takarda, ya rasu ba su haihu ba. Haka ta zauna tana kwashe tire da gudu duk ranar da aka ce ana kame. Da jiki ya yi nauyi ma ta daina gudun, ta ce wanda zai iya ɗaukar ta bismilla.

Sai aka wayi gari da jan fenti a bangon lungunsu, za a rushe. Gida-gida mutane suka watse, ya zamana in ta yi sallama sai kyanwa. Kaɗaici ya dame ta ƙwarai, don Ɗaso mutum ce da ba ta iya cin abinci ba tare da abokin faɗa ba. Duk inda ta nemi ɗaki, tambayar farko ita ce, "Ina igama?", wato takardar zama.

Ayman, babban ɗan Asma, direban tasi ne mai furfura a gemu. Shi ya ɗauke ta zuwa ofishin jakadancin ƙasar mahaifinta a Jidda, don an ce ba a gyara zaman mutum sai ya kawo shaidar ƙasarsa ta asali. Ma'aikacin, Bahaushe mai ladabi, ya ba ta kujera.

"Hajiya, wane gari?"

"Babana dai ya ce Ƙaraye."

"Wa ya san ki a can?"

Ba wanda ya san ta a can, ita ma ba ta san kowa ba. Ma'aikacin ya ce su je su dawo.

Sau huɗu suna zarya. A na ƙarshe aka miƙo mata takarda ɗaya, da hotonta da sunanta da hatimi. Ta rungume ta har mota, tana murmushi, tana shafa hoton da yatsunta masu jan lalle. Sai da suka sauka a gidan Asma ta ce ya karanta mata.

Ayman ya karanta, ya sake karantawa.

"Ya Khala," ya ce, don haka yake kiran ƙawar mahaifiyarsa, "wannan ba ta zama ba ce. Ta tafiya ƙasar babanki ce, zuwa ba dawowa. Kwana talatin suka ba ki."

Asma ta fashe da kuka. Ɗaso ba ta yi kuka ba. Ta ninke takardar a hankali ta ƙulle a bakin mayafi, ta daɗe tana kallon taga. Ita da tun tana yarinya in ta hau tudun unguwarsu tana hango hasumiyoyin Harami, ba ta taɓa neman alƙibla a wurin kowa ba.

"Asma," ta ce, "ke da kika taɓa fita ƙasar waje. A can, in mutum zai yi salla, wa yake tambaya ya nuna masa Makka?"