Muryar Ladan

A gidanmu na Ƙofar Taramniya, in sanyi ya shigo, da an sallame magariba kakarmu Inna Tumba take hura wuta a kasko, ta turbuɗa gyaɗa a toka. Ni take zaunarwa kusa da ita, wai ni mijinta ne, amma miji na banza, ko goro ba ya saye. Tatsuniyoyinta yawanci na dariya ne. Guda ɗaya na tsana, ita kuwa kamar da gayya, kowace shekara sai ta yi ta.

"Ga ta nan, ku buɗe kunnuwa," in ji ta.

Wai an yi wani ladan mai in'ina, da ɗansa tilo. Ɗan ya bi 'yan kama, masu kwaikwayon mutane a kasuwa don a yi dariya, uban ya ce kada ya sake taka masa zaure. Yaro ya yi suna a garuruwa masu nisa, kuma ba da komai ba sai kwaikwayon tsohonsa: tarin, ɗingishin, da yadda yake kiran matarsa, "Ke, ka-ka-kawo buta!"

Da furfura ta fara fito masa, ya ɗauro kaya ya nufo gida neman gafara. Ashe uban ya rasu, uwar tana cikin takaba. Kun san halin mutanenmu, ba a tarar matafiyi da labarin mutuwa sai ya sha ruwa ya huta. Dattawa suka amsa gaisuwarsa suka sunkuyar da kai. Yara kuwa suka yanyame shi a ƙofar gida, sai ya yi musu wasa. Ya ce a ransa bari ya gwada, wataƙila tsohon ya ji daga ciki, dariya ta ƙwace masa ya huce. Ya yi tarin, ya kira buta.

A nan Inna takan daina tona wuta.

"Wallahi ba wanda yad dara. Sai ga tsohuwa ta hito da gudu, ba takalmi, ba lulluɓi, buta ga hannu. Tad dube shi, tac ce, 'Sake.' Yas sake. Tac ce, 'Sake.' Har muryatai ta dushe. Ƙurunƙus, a tashi a kwanta."

Mu yara mun ɗauka horo tsohuwar take masa, kuma ya yi masa daidai.

Kwanan baya a Kwalkwalawa, can wajen jami'a, wasu ɗalibai suka nuna mini fim ɗin Faransawa a waya, na wani ɗan barkwanci da ya koma garinsu. Suna ta ƙyaƙyatawa, ni kuwa zuciyata ta yi nauyi, na ba su wayarsu. Bara mahaifiyarmu ta rasu. Ƙanwata Asabe ta iya kwaikwayon muryarta tun muna yara, ta sha duka a hannuna kan haka. Yanzu duk Juma'a sai na je gidanta a Tudun Wada, in zauna, in sha fura, mu yi ta zancen tsadar hatsi. Har yau na kasa buɗe baki in roƙe ta ta yi mini muryar.