Sunan da Mama Ba Ta Faɗa

Mama ba ta faɗin sunan Baba. Tun da na yi wayo "Malam" take ce masa, in kuma ranta ya ɓaci sai ya koma "mai gidan nan", tana nuna ƙofar ɗakinsa da leɓe. Mahaucin da ke kawo mana nama a Tudun Wada sunansu ɗaya da Baba, shi ya sa ko ya cika mata ƙashi sai ta ce, "Mai sunan Malam, kai ɓarawo ne," cikin ladabi.

Baba ma'aikacin reluwe ne. Bai kai hamsin ba, gashinsa baƙi wuluk, ya fara mantuwa, a shekarar da sojoji ke koya wa mutane bin layi da bulala. Da farko dariya muke yi. Ya yi sallar la'asar sau uku a yini ɗaya, Mama ta ce a bar shi, yana rama na samartaka. Ya ci tuwo ya wanke hannu, ya dawo yana tambaya ko yau ba a girki a gidan nan. Daga baya wurin aiki suka sallame shi. Likita ya ce ciwon mantuwa ne irin na tsofaffi, shi dai ya zo masa da wuri, kuma ba ya warkewa. Mama ta ce duk zaman Baba a reluwe ba abin da ya taɓa isowa da wuri sai wannan.

Ni ba mai magana ba ce. A aji malamarmu takan kira sunana, in amsa a cikin hijabi, ta ɗauka ban zo ba. Amma ina kallo. Ni na fara lura Baba ya daina amsa "Malam". In Mama ta faɗa sai ya waiwaya ya ga wane malami ne ya shigo, har ya matsa masa a tabarma. In mun ce "Baba" kuwa sai ya dube mu da tausayi ya ce, "Allah ya kawo babanku lafiya."

Maƙwabciyarmu ce ta gano maganin. 'Yar Gbagyi ce, doya take sayarwa, tana ɗaukar kayanta a kafaɗa, mijinta kuma tare suka yi aiki da Baba. Ita ba ruwanta da wannan kunya tamu. Wata rana ta shigo ta ga Mama na ta "Malam, Malam" da kwanon koko a hannu, sai kawai ta ƙwala masa sunansa na yanka. Baba ya ɗago fuska a sake ya ce, "Na'am!" Mama ta kusa sakin kwanon.

"Maman yara, kai ka cika wahala," in ji Mai Doya, da irin Hausarta da kowa namiji ne. "Sunan zai cije ka?"

Daga ranar muka riƙa aron bakinta. Lokacin wanka, lokacin magani, sai a aike ni in tsaya a ƙofarta ina murza yatsu har ta gan ni. Wani lokaci ba ta ma fitowa, ta bayan katanga take kiran, tana ci gaba da daka. Mama kan ce, "Ohh ni, mijina sai da tafinta."

Baffa, wan Baba, bai yarda da likita ba. Shi sammu ya gani, abokan aiki ne suka yi. Ya san wani mai magani can gaba da Chanchaga, inda ake sa wa mutane mari a ƙafa a ɗaure su a gindin bishiya. Mama ta taɓa zuwa dubiya wurin, ta dawo ta kasa cin abinci. Da Baba ya fice ya ɓata har aka tsinto shi a mahadar titin Kpakungu yana ba motoci hannu, Baffa ya ce, "In ya ƙara, na ɗauke shi. Ba shawara nake ba."

Ya ƙara ne ranar wata Lahadi, ranar da Baffa ya ce zai zo dubiya. Mama ta shiga wanka, ni an bar min tsaronsa, na sunkuya ina goge takalmin makaranta, na ɗago ba Baba. Na duba ƙusar da tsohuwar rigarsa ta kaki ta aikin reluwe ke rataye, ita ma babu. Mai Doya tana coci.

"Tasha," na ce wa Mama. Ta yafa gyale a kan jiƙaƙƙen kai, da takalmi wari da wari, muka fita da gudu.

Jirgin Arewa na tsaye, tasha cike maƙil: masu buhunan doya, masu kaji, masu tallan rake da dafaffen ƙwai. Can muka hango Baba, ya sa kakin a kan rigar barci, yana bin layin masu hawa cikin natsuwa kamar mutumin kirki. Tsakaninmu da shi akwai tulin kaya da mutane, ba wurin kutsawa.

"Malam!" Mama ta kira.

Rabin mazan tashar suka waiwayo. Wani mai carbi har ya ce, "Na'am, Hajiya?" Baba ko gezau.

"Maigida!"

Sauran rabin suka waiwayo.

"Baban yara!"

Wani mai rake ya ce, "Hajiya, ki zaɓi ɗaya mana, duk kin tashe mu."

Mama ta kama kafaɗata. "Ke, kira shi. Ke yarinya ce, Allah ba zai kama ki ba."

Na buɗe baki. Sunan ya taho har maƙogwaro ya tsaya, ya juya. Ni da ko nawa sunan ba na iya amsawa da ƙarfi. Jirgi ya yi kuka. Baba ya kama ƙarfen ƙofa, ya ɗora ƙafa ɗaya.

Na ga Mama ta duba hagu ta duba dama, kamar mai shirin satar kaza. Ta ce, "Astagfirullah." Sannan ta saki sunan. Ba a hankali ba. Har kajin da ke cikin kwando sai da suka yi shiru.

Baba ya sauke ƙafarsa. Ya juyo, ya taho yana ratsa mutane da sauri, kai a sunkuye kamar yaron da aka kama a rafi. Ya tsaya gabanta ya ce, "Na'am, Inna. Ba nisa zan yi ba."

Mama ta gyara masa maɓallin kakin da ya sa a ramin da ba nasa ba, ta daɗe a kai fiye da yadda maɓalli ke bukata. Sannan ta ce, "Duk tuwon da na tuƙa, yau na tashi uwarsa. Wuce mu tafi."

Mun tarar da Baffa a zaure yana kaɗa ƙafa.

"Ina kuka kai shi?"

"Shan iska, Yaya."

"Da kaki? Da rigar barci?" Ya dubi takalman Mama. Ya miƙe. Baffa bai taɓa kiran kowa da suna ba, kowa "kai" ne. "Kai, taso mu tafi. Kai! Da kai nake."

Baba ya zauna a tabarma yana kallon ƙadangare a bango. Baffa ya kama hannunsa, Baba ya fizge.

Mama ta shige madafa. Daga can, ba tare da ta ɗaga murya sosai ba, ta kira sunan ta ce, "Zo ka ci abinci." Baba ya tashi tsam ya bi ta.

"Innalillahi!" Baffa ya dafe ƙirji. "A gabana? Gatsau haka?"

Mama ta leƙo da ludayi a hannu. "Yaya, in za ka kai shi sai ka haɗa da ni, don yanzu ni yake ji. Ka tambayi mai maganin ko yana da mari na mata."

Baffa ya tsaya yana kallon ƙaninsa, wanda ke zaune bakin madafa yana cin dafaffiyar doya da manja, yana lasar yatsa. Ya daɗe yana kallo. Daga nan ya ce gidan nan mahaukata biyu ne, shi ba zai iya da biyu ba. Ya sa takalmi ya fita, ko ruwa bai sha ba. Bai sake tayar da zancen Chanchaga ba.

Da yamma Mai Doya ta dawo ta ji labari, ta yi dariya har da zama a turmi. "To, kai ka kore ni a aiki ke nan!"

Washegari mahauci ya yi sallama. Na matso kusa don in ji. Mama ta juya naman, ta ɗaga wani ƙashi sama ta ce, "Mai sunan Malam, ba ka tsoron Allah?"