Bayan Da Bai San Ƙasa Ba

Jiya da hantsi jikata ta taka busasshen karan gero a tsakar gida, ya ce ƙas. Saura kaɗan kofin shayi ya suɓuce mini. Shekara hamsin da ɗoriya ke nan, amma duk sanda na ji wannan ƙara sai in ga yashin gulbi, in ga hannun taubashina.

A ƙauyenmu, can tsakanin Isa da Sabon Birni, da an yanke gero an ɗaure dammuna sai kokawa ta tashi. Bayan la'asar samari su taru a kan yashi, makaɗa su zo, 'yan mata su jeru gefe guda. In an gama karo, bayan mutum suke dubawa, domin gumi yana kama yashi. Wanda ya dafa ƙasa da hannu an kada shi, gaskiya ne, amma sai ya karkaɗe tafinsa ya wuce. Wanda kuwa bayansa ya sha yashi, har bakin rijiya za a raka shi da waƙa.

Taubashina, ɗan gwaggona, ya girme ni da shekara biyu. Dogo ne, ga ƙirji, ga baki. Kirarinsa guda ne: bayansa bai san ƙasa ba. An sha kada shi, amma kullum da hannu yake tarewa.

Kakanmu, wanda ya haifi babana da gwaggo, maɗori ne. Daga Tsamaye, daga Kamarawa, har daga ƙetaren iyaka ana kawo masa karaya a kan jaki. Ban taɓa jin ya shiga fage ba. Ya dai san 'yan kokawa ta inda suke karyewa. Kowace safiya, kafin mu tafi gonar dawa, yakan tara mu jikokinsa maza a bayan rumbuna, inda ya sa aka zuba yashi. Mu tsuguna, dugadugai a ƙasa, har ya gama goga asawakinsa. Mu juya ƙugu, mu juya wuya da idon sawu. Sannan abin da muka fi ƙi, wato koyon faɗuwa: ka sa haɓa a ƙirji, ka lanƙwashe hannu, ka bar kafaɗa ta karɓe ka, ka mirgina.

"Ku naɗe kamar tabarma," in ji shi. "Kada wanda ya tokare ƙasa da hannu. Ta hi ku nauyi."

Taubashina yana yin komai, ban da wannan.

"Tsoho, ni kayarwa niz zo koyo. Hwaɗuwa ka koya ma ɗan namiji, shi ta dace da shi," ya ce, yana nuna ni da baki.

"Ɗan nema," in ji kakanmu, "hannun ga naka kara ne. Ni ka ɗora su, na san kaurinsu."

Sai a yi dariya, har da shi kakan. Wasan jika da kaka ne, kuma a nan maganar take mutuwa kullum.

Ranar da abin ya faru ina da shekara goma sha shida. Wani ne daga cikin manya ya ce taubasai su gwada, don a yi nishaɗi. Taubashina ya shigo yana rangaji.

"Taho in shimhiɗa ka, gwaggonka ta wanke ka da ruwan ɗumi."

"Yau za ni zuba ma bayanka yashi mudu guda," na ce masa.

Ya fi ni ƙarfi nesa ba kusa ba. Abin da nake da shi kawai shi ne tsugunon bayan rumbu. Da ya kawo hannu sai na nutse ƙasa, na shige ƙarƙashinsa, na ɗauke ƙafarsa ta hagu na tura. Ya tafi da baya. Na gan shi a sama, kuma wallahi yana da lokacin da zai naɗe. Sai ya wurga hannun dama baya, a miƙe sambal.

Ƙas.

Ganga ta tsaya. Gwiwar hannunsa ta juya ta fuskanci inda ba ta taɓa fuskanta ba. Wata yarinya ta ƙwalla ƙara. Ni na kasa ko motsi. Yana zaune, zufa tana zuba, leɓɓansa sun yi fari, ya ɗago ya dube ni.

"Duba bayana," ya ce. "Akwai ƙasa?"

Na zagaya na duba. Babu ko ƙwaya ɗaya.

Na ga abubuwa a duniya bayan wannan, amma ban taɓa jin tambayar da ta girgiza ni kamarta ba.

Kakanmu ya yi ɗorin a zaure, maza huɗu suna riƙe da taubashina. Da ya gama ɗaure karare, sai ya ce wa gwaggo ƙashi zai kama, amma gaɓar ba za ta koma ba. Na tsaya ina jiran duka. Bai dake ni ba. Ya wanke hannu ya ce, kamar da kansa yake magana, "Ni nib biye mai muna dariya." Washegari ya tara mu a bayan rumbu, kowa ya faɗi sau goma.

Hannun ya warke a lanƙwashe. Ba kokawa, ba galma. Ko kabbara in zai yi, na dama ba ya kaiwa kunne.

Fatauci ya kai ni wurare. A Maradi na ji mai horar da 'yan kokawa yana yi musu ihu da Faransanci su saki jiki. A Dakar na ga ƙarti a bakin teku suna ɓata rabin safiya wajen juya gaɓoɓi kafin su kama juna. A wani birnin Turai na leƙa wani zaure, na tarar da manya masu furfura a kan katifu ana koya musu tsuguno da mirgina, malaminsu ya ce mini sabon shiga yakan daɗe yana faɗuwa kafin a bar shi ya kada wani. Na tsaya baki buɗe. Abin bayan rumbunmu ne, ba ragi ba ƙari.

Yanzu muna cikin gari. 'Yan bindiga sun tashe mu, ba mai zuwa yashin gulbi. Yara sun tashi a kan kujera da babur. Makon jiya jikana, ɗan ƙwallo, ya dawo da targaɗe karo na biyu. Da ya samu sauƙi na ce ya tsuguna in gani. Dugadugansa suka ɗaga, ya tafi da baya, ya wurga hannu a miƙe sambal. Ban san sanda na daka masa tsawa ba, har maƙwabta suka leƙo.

Na aika a kira taubashina, gidansa yana bayan namu. Ya zo yana dogara sanda, ya ji abin da ya faru, ya naɗe hannun riga ya nuna wa yaron.

"Bayana tas yake, jika. Ga abin da nis saye shi da shi."

Sannan ya miƙa mini sandar, ya nufi tarin yashin ginin da ke gefen katanga. Ya tsuguna a hankali, ya sa haɓa a ƙirji, ya mirgina ta kafaɗar hagu. Yashi ya kama farar rigarsa daga wuya har ƙugu. Yaron ya kai hannu zai karkaɗe masa.

"Bar shi," in ji taubashina. "Haka za ni gida."