Farar Mota a Gindin Dutse

Ni ina da igama, Yayana ba shi da ita. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, a ɗaki ɗaya aka haife mu a nan Makka, amma shi ya zo duniya tun Abba yana ɓuya, ni kuwa sai bayan an gyara masa takardu. Aka saka ni a cikin takardun, shi aka ce sai a hankali. Ana cikin a hankalin Abba ya rasu. Ga wanda bai zauna a nan ba, igama ita ce katin da ke nuna an yarda ka zauna a ƙasar. In aka tare ka babu ita, sai gidan da ake tara waɗanda za a kora, daga can sai jirgi zuwa Najeriya. Yaya bai taɓa ganin Najeriya ba. Kano a wurinsa garin da Umma ke ambata ne idan tana mitar tsadar tumatir.

Marar kati yana da irin idonsa. Yana tafiya yana hira da kai, amma idon yana can ƙarshen layi. In muka shiga gidan abinci, Yaya ba ya zama sai inda zai fuskanci ƙofa. Yakan ga mota tun kafin in ji ƙararta, ya san ta masu kame ce ko ta mai kai gas. Ba tsoro yake kiran abin ba. Ba ya ma sanin yana yi.

Ni na gama sakandare. Shi ya tashi a shagon gyaran keke a unguwar Rusaifa, wurin wani mutum da bai taɓa tambayarsa kati ba. A nan ya fara ganin kekunan hawan dutse, masu kaurin taya da birki mai mai. Samarin gari ke kawo su a lanƙwashe, shi ya miƙar. Daga gwadawa bayan gyara ya kamu. Ya harhaɗa nasa daga tarkacen da aka yar, daga baya ya haɗa mini nawa don na hana shi sakat. Umma ta ce, "Mace a kan keke a bayan duwatsu. To Allah ya shirya." Na ce amin, na ɗora hular kwano a kan hijabi na fita.

Ba ya bin ayarin masu keke. Kowannensu da kyamara a goshi, kafin su sauko an watsa hoton, Yaya kuwa ba ya son fuskarsa a wayar kowa. Don haka mu biyu muke zuwa, ranar Juma'a da safe in lokacin sanyi ne, wani dutse a bayan gari. Hanyoyin saukowarsa hawa-hawa ne. Akwai masu sauƙi, waɗanda na gaji da su. Akwai ɗaya da aka shafa wa baƙin fenti a bakinta, alamar ta gwanaye ce. Ba hanya ba ce ma, turbar awaki ce: baƙaƙen duwatsu masu kaifi, tsakuwa mai zamewa, ƙaya, sannan wani dogon falalen dutse mai gangara da rami a hagunsa. Yaya ya sha bin ta. Ranar nan ya ce na isa.

Muka tura kekuna har sama. Iska tana kaɗawa, garin yana can ƙasa, ana hango dogayen gine-ginen da ke kewaye da Harami.

Ya ce, "Ki tashi daga sirdi, ki ja jikinki baya. Yatsa ɗaya a birki, ba dunƙule hannu ba. In kika matse na gaba a kan dutse, fuskarki ce za ta fara isa ƙasa."

"Na ji, Yaya."

"Sai idonki. Inda kika kalla nan keken zai je. Kika kalli rami, kin shiga."

"Na ce na ji. Yalla, mu je."

"Ba ki ji ba, Auta. Gajiya kika yi da muryata."

"Duka biyun."

Ya yi dariya ya wuce gaba, na bi shi.

Mai cewa abin daɗi ne bai hau wannan ba. Keken yana dukan tafin hannunka kamar guduma, haƙoranka suna haɗuwa, tayar baya tana ƙwacewa kana dawo da ita da gwiwa. Akwai wani tsani na duwatsu da sai ka saki birki gaba ɗaya ka yarda, in ka yi shakka a tsakiya ka kife. Na saki. Na sauka a karkace, feda ta daki ƙaurina, amma ban faɗi ba. Yaya ya ɗaga hannu ba tare da ya waiwayo ba.

Sai muka iso falalen. Daga samansa ana ganin gindin dutsen da titin ƙasa da ya zagaye shi. Yaya ya riga ya shiga gangaren lokacin da wata farar mota ta ɓullo tana tayar da ƙura, ta tsaya daidai inda turbar ke ƙarewa. Ina bayansa, na ga kansa ya juya. Ɗan juyi ne kawai, irin wanda yake yi a kowane layi tun muna yara. Tayar gaba ta bi idonsa zuwa hagu, ta daki bakin ramin. Ƙafarsa ta shige tsakanin duwatsu biyu, sauran jikinsa ya wuce. Na ji ƙarar. Ba zan kwatanta ta ba.

Na yar da kekena na rarrafa wurinsa. Ƙafar ta lanƙwashe a ƙasan gwiwa, inda babu gaɓa. Bai yi ihu ba. Abin da ya fara cewa shi ne, "Su ne?"

"Su wa?"

"Motar. Masu kame ne?"

Na ciro waya na ce zan kira motar asibiti. Ya damƙe wuyan hannuna da ƙarfin da ban san ya rage masa ba.

"Wallahi in kika kira ban yafe ba."

"Ƙafarka ta karye, Yaya. Kalle ta."

"Na gani. Tawa ce."

A cikinmu takari, wato mutanenmu da ke zaune a nan, kowa da abin da yake faɗa a kan asibiti. Wasu sun ce za a yi maka magani a sallame ka, ba ruwan likita da kati. Wasu sun ce daga gadon ake wucewa da kai. Kowa ya san wani da ya san wani. Babu wanda ke son ya zama shi ne zai gano gaskiyar.

Na leƙa ƙasa. Mutum ɗaya ne ya fito daga motar, ya buɗe baya yana jawo buhu. Awaki suka taso daga ko'ina suka yanyame shi.

Na ce, "Mai awaki ne. Abinci ya kawo musu."

Yaya ya rufe ido. Wani abu ya fito daga bakinsa mai kama da dariya.

Na yi kira, iska ta tafi da muryata. Babu kowa a dutsen sai mu, kuma mutumin ba zai daɗe ba, zuba dusa zai yi ya tafi. In na sauka da ƙafa a kan falalen nan, kafin in kai ya ɓace. Na ɗauki keke.

"Auta," in ji Yaya. "Kar ki kalli motar."

Ban kalle ta ba. Na zuba ido a kan wani tsagi da ya bi tsakiyar dutsen, na ja jikina baya har cikina yana taɓa sirdi. Taya tana kuka a kan falalen, ramin yana hagu, ina jin sa a gefen fuskata kamar zafin murhu. Bayan falalen akwai manyan duwatsu da ban taɓa gani ba, babu mai nuna mini ta inda ake bi. Na riƙa zaɓar inda tayar gaba za ta taka, ɗaya bayan ɗaya. Hannuwana suka mutu, yatsan birkin ya daina ji. A tsakuwar ƙarshe keken ya zame daga ƙarƙashina, na ja ƙasa da gwiwar hannu, na tashi na ƙarasa da gudu. Mutumin yana rufe bayan motar.

Dattijo ne Balarabe, siriri, da sanda. Na ce masa da Larabci, "Ya ammi, taimaka baffa, ɗan'uwana ya faɗi a sama, ƙafarsa ta karye." Ya dube ni daga hular kwano har jinin hannuna, ya ɗauko bargo daga motar. Muka hau tare. Ya ɗaure ƙafar da sandarsa da rawaninsa, muka ɗora Yaya a bargon muna ja muna hutawa. Kafin mu iso ƙasa rana ta take, Yaya ya daina amsa magana sai nishi.

Muka sa shi a motar, muka hau kwalta. Mutane sun fara fita masallaci da fararen riguna. Da muka kusa mararraba dattijon ya rage gudu.

"Asibiti ta dama yake, ya binti, 'yata."

Ya dubi Yaya ta madubi, ya dube ni.

"Ban tambaye ki komai ba," in ji shi. "Ke dai ki faɗa mini ina zan bi."

Na waiwaya. Idon Yaya a rufe, leɓensa ya yi fari, ba zai iya hana ni komai ba. Na hango shi an kai shi Kano, inda bai san ko layi ɗaya ba, da Umma a nan tana kallon tabarmarsa. Na dubi ƙafar, ta kumbura har ta cika wandon. Motar baya ta yi mana oda.

Na ce, "Hagu."

Umma ba ta tambayi me ya sa ba mu je asibiti ba. Ta sa mayafi ta je ta taho da mai ɗori, wani tsoho Basakkwace da ya zo Hajji tun yana saurayi bai koma ba. Ya shafa ƙafar a hankali, ya daɗe a wajen gwiwar, sannan ya dube ni.

"Wagga ta likita ta, ɗiyata. Amma na san abin da ya hana."

Babu karan dawa a Makka, da katakon akwatin lemo yake ɗauri. Ya sa ni na danne kafaɗun Yaya, ya yi bismillah ya ja. A nan ne Yaya ya yi ihun da bai yi a dutse ba. Umma ta ƙure karatun rediyo saboda maƙwabta.

Ƙashin ya haɗe. Ƙafar ta gajarce, gwiwar kuma ba ta lanƙwasuwa. Yana nan a Makka, a shagon nan na Rusaifa, zaune a kan kujera da ƙafar a miƙe, yana gyara kekunan wasu. Ya ce abin da ya roƙa shi na yi masa. Ni dai ba na iya faɗin abin da ban tabbatar ba.

Da can in aka ce ga masu kame, kafin a rufe baki ya haye katanga. Yanzu ba ya iya gudu. Shi ya sa kullum in ya tashi daga aiki nake zuwa in raka shi gida, ina gaba kaɗan, ina duba kowace kwana kafin ya iso.

Na koma dutsen ni kaɗai bayan sanyi ya dawo. Na wuce tsanin lafiya. Da na iso saman falalen na ji wuyana yana juyawa da kansa, yana neman titin da ke ƙasa. Babu mota, ko akuya babu. Na sauka na tura keken har gindi.

Da na kai masa shi shago ya matsa birkin, ya duba taya.

"Ba ki hau falalen ba," in ji shi.

"Ban hau ba. Tashi mu tafi, layin babu kowa."