Kaffarar Makau Mai Kukuma

Shekara ashirin ina faci a bakin tashar Bukkuyum, kuma cikin 'yan kabu-kabun da ke kawo mini taya babu mai shiru kamar Makau. Zai zauna kan benci, yatsun hannunsa na hagu suna ta motsi a kan gwiwa. Baƙo sai ya ɗauka ciwo ne. Mu da muka san shi mun san kukuma yake gogawa a zuci.

Kafin shari'a ta zo, biki tsakanin Gummi da Anka ba ya armashi sai da kukumar Makau. Da aka fara wa'azi kan kiɗa, Malam Yusufu, limamin unguwarmu, ya sa shi a gaba, ya bi shi gida ya bi shi kasuwa. Wata Juma'a Makau ya miƙe gaban jama'a, ya dafa Alƙur'ani, ya rantse ba zai ƙara taɓa kukuma ba. Aka yi kabbara. Har da ni a masu kabbarar, kuma yau ina jin kunyar abin. Matarsa Tabawa ta naɗe kukumar cikin tsohon zani ta soke a rufin ɗaki.

Ya gwada noma, ya gwada dako, babu wanda ya karɓe shi. Sai a zaɓen 2011 Alhaji Bala, shugaban jam'iyya na mazaɓarmu, ya ba shi babur, wai kyautar tubabbe. Takardun kuwa suna durowar Alhaji. Da babur ɗin nan Makau ke ciyar da mutum bakwai, yana jigilar mutane da buhuna a hanyar Adabka mai karya ƙugu.

Da zaɓen 2015 ya matso, 'yan hamayya suka ɗauko mawaƙi daga Gusau, sai Alhaji ya tuna yana da nasa a gida. Ya iske Makau a rumfata da hantsi, Malam Yusufu na biye, don a lokacin Malam ne ke buɗe taron jam'iyya da addu'a.

"Makau, ran Assabar ɗan takara na tahe," in ji Alhaji. "Kukuma mu ka so."

"Alhaji, na rantse. Ga Malam nan, shi yar riƙa Alƙur'anin."

Malam ya yi murmushi. "Rantsuwa na da kaffara, Makau. A ciyar da miskini goma, shi ke nan. Kuma wanga aiki taimakon addini na, ɗan takarammu mai salla na."

"Allah gahwarta Malam, mi yas sa tun can ba ka hwaɗa mani haka ba?"

Malam ya duƙufa kan wayarsa. Alhaji ya shafa sirdin babur ɗin a hankali.

"Geron kaffara na cikin mota," ya ce. "Babur kau in ka gaji da shi, masu so nai na da yawa."

Ina riƙe da tayar wani, ji nake kamar in jefe su da ita. Sai na ci gaba da facina, don filin da rumfata take ma na Alhaji ne.

Makau da kansa ya bi gida goma ya auna musu mudu ɗai-ɗai. Ya sauko da kukumar, fatar ta tsage, ya kwana uku yana gyara, yana shafa wa tsarkiya ƙaro. Ranar jajibiri ya ce mini, "Shekara goma sha biyar ina danne zuciyata. Ashe mudu goma ta."

Ran Asabar an cika wa samari tankin baburansu da mai, sun cire wa baburan salansa don su yi ƙara. Malam na shafa addu'a suka ɓarke da tsere, suna zagaya filin, wannan ya ɗaga tayar gaba, wancan ya miƙe tsaye kan sirdi. Aka ɗora Makau a bayan akori-kura, aka miƙa masa makirfo. Taku goma ne tsakanina da shi. Na ga hannunsa na kai da komo, na ga jijiyar wuyansa ta tashi, idonsa a rufe, hawaye na bin kumatunsa. Ko ɗigon sauti ban ji ba, sai rurin babura. Ɗan takara ya leƙo ta rufin mota ya ɗaga hannu, ya wuce Gummi.

Juma'ar da ta biyo, wanda ke kusa da Makau a sahun salla ya ɗan matsa nesa da shi. Da wani ya zo gayyatarsa biki, Malam ya ce kaffarar ta wannan taro ce kawai, kiɗan biki yana nan a haramun ɗinsa. Kukuma ta koma rufin ɗaki. Takardun babur suna durowa, Alhaji ya ce sai zaɓe mai zuwa.

Bayan wata guda Makau ya kawo mini faci. Na daure na tambaye shi, "Makau, wane kiɗi kay yi muna ran nan?"

Ya dubi hannunsa na hagu. A lokacin na lura yatsun suna kwance kan gwiwa, ba sa motsi.

"Wallahi ni ma ban jiya ba," ya ce.