Hanyar da Laminu Ya Ƙi Sa wa Hannu

Shekara tara ke nan da aka kai Laminu makwancinsa a Lyon. Ɗana ne, na biyu cikin biyar. Ban shiga lakol na yi boko ba, ƙanwarsa ce ke riƙe da alƙalami, amma maganar tawa ce, kuma na ce kada ta tausasa ko kalma ɗaya.

Duk wanda ya zauna Montreuil ko Guillotière ya san abin da ake faɗa a kansa: wai Nasara sun ba shi aikin injiniya ya kasa. Na ji da kunnena a wani taron suna, ta bayan labule, wani Alhaji na cewa, "Yaran nan namu, takarda har rufin ɗaki, aiki kuwa sai a hankali." Aka yi dariya. Na san muryoyinsu duka, har yau muna gaisawa.

Ga abin da ya faru. Buron injiniyoyin da yake wa aiki a Lyon ya samu kwangilar hanya a wani tsibiri na ƙasar Girka, irin inda Turawa ke zuwa su shanya jikinsu a rana. Da ya dawo daga duba wurin ya ba ni labarinsa. Ya ce mutanen da, gudun 'yan fashin teku suka yi, suka gina ƙauyukansu a kan duwatsu, suka shimfiɗa 'yan hanyoyin jakai tsakaninsu. Masu mulki sun zo sun wuce, Turkawa da wasunsu, hanyoyin na nan. Sai masu otel suka buƙaci kwalta daga tashar jirgin ruwa zuwa wancan gefen, gajera, gajerar kuwa ta cikin wani busasshen kwari ta bi.

Laminu ɗan Tahoua ne. Yana ƙarami ruwan kori, ambaliyar busasshen kwari, ya tafi da raƙuman kawunsa da rana tsaka, alhali ko ɗigo bai sauka a garinmu ba. Saboda haka bai tsaya ga hotuna ba, ya bi kwarin da ƙafa. Ya ga busasshiyar ciyawa maƙale a rassa sama da tsayinsa. Ya ga hanyar jakai ta yi dogon zagaye, ta ƙi sauka ciki. Da yake ba ni labarin, ya baza garin tuwo a tirena ya zana mini da yatsa, ya ce, "Inna, mai jaki ba ya ƙara wa kansa tafiya don nishaɗi." Ya ce wa manyan buron a bi ta jakai. Suka ce ta yi nisa, kuma ba a ruwa lokacin baƙi. Suka kawo takarda ya sa hannu. Ya ƙi.

Ba su kore shi da baki ba. Sun janye masa aiki ne, suka bar shi da tebur da kujera har ya gaji ya fita. Sauran burori kuma suna kiran juna a waya, babu wanda ya ɗauke shi. Mutumin da ya yi shekaru yana karatun hanya ya ƙare yana mirgina ganguna a wata masana'anta a Saint-Fons, shekara huɗu, har zuciyarsa ta tsaya. Bai taɓa kare kansa a gaban kowa ba.

Bana 'yarsa Zara, da ke karatu a Paris, ta je tsibirin. Ta ce tana son ganin inda babanta ya kasa. Haka ta faɗa, don haka ta tashi tana ji. Ta dawo da wani ɗan littafi mai sheƙi na masu yawon buɗe ido, ta karanta mini. An rubuta cewa ruwa ya cinye hanyar farko, an sake wata da ta bi tsohuwar hanyar jakai, har da yabon hikimar kakanni. Ta ɗaga kai ta ce, "Kaka, wadda ruwa ya cinye, ita ce ta Baba ko?"

Na miƙe. Na jawo naɗin taswirorinsa daga ƙarƙashin gado, na ce ta shimfiɗa kusa da littafin. Ban san baƙin rubutu ba, amma na san lanƙwasa. Kwana ga kwana, sabuwar hanyar tasa ce, da sunansa a gindin takarda.

Da yana raye me zai ce? Na san shi. Zai tambaya ko an rasa rai a ruwan, shi ke nan. Ni ba haka nake ba. Ina son sanin yadda ake yabon jakin da ya mutu tun zamanin Turkawa, a rasa layi ɗaya na baƙon da ya ce a saurare shi. Kuma ina son masu dariyar bayan labule su nemi wanda zai karanta musu wannan.

Zara ta daɗe a durƙushe. Ta ce, "Me ya sa ba ku taɓa gaya mini ba?"

Wannan ma a rubuta. Ranar da ya zo mini da maganar takardar, ni na ce masa, "Sa hannu, Laminu. Kana da iyali, kuma ƙasar ba ta ubanka ba ce." Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Inna, yi haƙuri." Wata biyu na yi ba na amsa gaisuwarsa da kyau. Abin da ya rufe mini baki ke nan shekara tara.

Bai bar gida ba, bai bar mota ba. Ya bar hanyar da baƙi ke bi su isa lafiya ba su san shi ba, da 'yar da yau take faɗin sunan ubanta kai a ɗage. Ta koma Paris da taswirorin. Allah ya jiƙanka, Laminu. Kai ne da gaskiya, ni ce ke neman haƙuri.